Daga aji huɗu zuwa ƙofar jami'a: yadda iyali za su shirya wa JAMB da neman gurbin karatu

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara sakin sunayen waɗanda suka ɗauka, magana ɗaya ce ke yawo a gidaje da majalisu: "Yaron nan ya ci JAMB, hanya ce kawai ba mu da ita." Ba wanda zai ce babu son kai a harkar. Sai dai in ka zauna da iyalin, aka fito da takardu aka baza a kan tabarma, sau da yawa wani abu dabam za ka tarar. Ko yaron ya rubuta darussan da ba su dace da kwas ɗin da ya nema ba, ko sunan da ke kan NIN ya saɓa da na WAEC, ko ba a ɗora sakamakonsa na sakandare a shafin JAMB ba, ko kuma an ba shi gurbin amma saƙon ya tafi layin mai shagon intanet (kafe) da ya yi masa rajista. Duk waɗannan ana iya kauce musu ba tare da an san kowa a jami'a ba, muddin gida ya ɗauki abin a matsayin aikinsa.

Gasar kuma ba ƙarama ba ce. A 2025 kusan mutum miliyan biyu suka zauna jarrabawar JAMB, fiye da kashi 70 cikin 100 daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Wanda ya sha wahala ya tsallake wannan, abin takaici ne a ce harafi ɗaya a sunansa ya zaunar da shi gida shekara guda.

Tun daga aji huɗu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shawara mafi nauyi a wannan harka ana yanke ta ne yaro yana ɗan shekara 14 ko 15, a aji huɗu na sakandare, ranar da makaranta ta raba ɗalibai: wasu ajin kimiyya, wasu ajin kasuwanci, wasu ajin adabi da zamantakewa wanda yara ke kira ats. Iyaye da yawa ba sa ma sanin an yi rabon. Wasu kuwa sukan je su matsa wa shugaban makaranta lallai sai an sa nasu a kimiyya, ko da yaron da Lissafi ba sa ga maciji. Bayan shekara uku sai a fito da F9 a Fiziks da Kemistiri, alhali da an bar shi inda ya fi ƙarfi da ya kwashe kiredit ɗinsa cikin ruwan sanyi.

Abin yi a nan shi ne a ɗauki katin sakamakon yaro na ƙaramar sakandare a duba, a je a gana da malaman Lissafi da Turanci, sannan a tambayi yaron kansa. Daga nan a buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB, wanda ke shafinta na intanet da sunan IBASS, a ga darussan da kowane kwas ke nema. Likitanci, haɗa magunguna da aikin jinya suna son Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Injiniyanci yana son Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Aikin akanta yana son Lissafi da Tattalin Arziki. Lauya kuwa sai da Adabin Turanci, kuma a nan ne yaranmu suka fi faɗawa rami, domin akwai makarantun da ba sa koyar da darasin kwata-kwata. Yarinya ta taso tana cewa ita lauya za ta zama, sai a aji shida ta gano babu darasin a jerin abin da aka yi mata rajista. In makarantar ba ta da malamin darasin da ake buƙata, tun a aji huɗu za a nemo mai koyarwa a waje, a kuma tabbatar makarantar za ta sa darasin a fom ɗin WAEC da NECO.

Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya

Wannan mataki ba ya buƙatar ƙwaƙwalwa, haƙuri kawai yake so, amma shi ya fi wahalar da mutanenmu. Dalilin a al'adarmu yake. Yaro ya shiga firamare da sunan mahaifinsa, ya koma hannun kawu aka sa masa sunan kawun a sakandare, ranar yin NIN kuma aka ƙara sunan gari ko na kaka. Ga kuma rubutun sunan: Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, Muh'd a ta uku. Aisha, A'isha da Aishatu duk mutum ɗaya ce a gida, amma a wurin kwamfuta mutum uku ne.

Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma sunan da ranar haihuwar da ke rumbun hukumar NIMC mai bayar da NIN su JAMB ke janyowa kai tsaye. Mai rajista ba shi da ikon gyara ko harafi. Saboda haka a aji biyar, kafin makaranta ta tura sunaye WAEC da NECO, ku tara waɗannan a wuri ɗaya: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, takardar NIN, shaidar kammala firamare, da takardar shaidar ƙaramar hukuma da aka fi sani da indijin. Ku jera su ku karanta harafi bayan harafi, har da wane suna ne farko, wane ne na tsakiya, wane ne na mahaifi. Ku tsayar da siga ɗaya, ku rubuta ta a takarda da manyan baƙaƙe, ku kai wa malamin da ke kula da jarrabawa hannu da hannu. In NIN ce ke da kuskure a gyara tun yanzu. Gyara a NIMC yana cin kuɗi yana cin lokaci, musamman ranar haihuwa, kuma ba abin da za a fara a watan Janairu ana tsaka da rajista ba ne.

Batun rage shekaru ko ƙara su, shawarata a bar shi. A ƙa'idar 2025 sai wanda ya cika shekara 16 ake bai wa gurbi, in ban da 'yan ƙalilan masu hazaƙa ta musamman da aka gindaya wa sharuɗɗa masu tsauri, ciki har da cin maki 320. Iyayen da ke tsallakar da yaro aji don ya gama da wuri su san da wannan. Ƙarya a ranar haihuwa kuwa bin mutum take yi, ta fito ranar tantancewa, ta sake fitowa ranar shiga hidimar ƙasa.

Sai layin waya. A saya wa ɗalibin layinsa na kansa, wanda ba wanda ya taɓa yin JAMB da shi, domin lamba ɗaya ɗalibi ɗaya take ɗauka. Ta wannan layi za a karɓi lambar rajista, ta nan za a duba sakamako, ta nan saƙon gurbi zai zo. In ba a son yaro ya riƙe waya, uwa ta ajiye layin a wata ƙaramar waya, a riƙa sa masa kati ana kira lokaci-lokaci don kada kamfani ya rufe shi. Haka adireshin imel: a buɗe na ɗalibin, a rubuta kalmar sirrin a littafi a gida.

Wane kwas, wace makaranta

A gidajenmu kwas uku aka sani: likita, lauya, injiniya. Duk yaron da ya ɗan yi ƙoƙari a kimiyya sai a fara kiransa dakta tun yana aji biyar, shi ma ya hau ya zauna. Matsalar ita ce kujerun likitanci ƙidayayyu ne. Majalisar kula da aikin likita ta ƙasa ce ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, haka ma lauya yana da nasa ƙayyadajjen adadin. Dubbai ke nema, kaɗan ake ɗauka. Mai maki 210 da ya nace sai likitanci a ABU ko BUK, shekara kawai yake shirin ɓatawa.

A nan ake rikita maki biyu. Akwai mafi ƙarancin makin da ake tsayarwa a taron JAMB da shugabannin makarantu kowace shekara. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi. Wannan ma'anarsa kawai ba a yarda makaranta ta sauko ƙasa da haka ba. Kowace jami'a tana da nata makin, kowane sashe a cikinta kuma yana da nasa, wanda yawan masu nema ke ɗagawa. Don haka in kun ji an ce "katof 150 ne," kada ku yi shewa tukuna. Ku nemi ɗaliban da ke aji ɗaya a sashen da ake so, ku tambaye su da maki nawa aka ɗauke su bara. Wannan bayani ya fi duk abin da za ku gani a Facebook.

Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu gida uku: kashi 45 cikin 100 na cancanta, wanda kowa daga ko'ina ke gasa a kai, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lasafta suna baya a ilimin boko, waɗanda akasarin jihohin Arewa ke ciki. Ke nan ɗan Sakkwato ko Zamfara yana da ƙofa fiye da ɗaya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kamar yadda ɗan Borno ko Yobe ke da su a Jami'ar Maiduguri. Jami'o'in jiha kuwa 'yan jiharsu suke fifitawa, kuma kuɗin ɗan jiha ya fi sauƙi. Ga takardar indijin ta yi rana.

Kowa ABU da BUK yake hange, shi ya sa cunkoso ya fi yawa a can. Amma daga 2011 zuwa 2013 an buɗe jami'o'in tarayya a Dutse, Dutsin-Ma, Kashere, Gusau, Birnin Kebbi da Gashuwa, ga ATBU a Bauchi da jami'ar fasaha ta Minna ga masu son injiniyanci, ga na jihohi irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ta Sule Lamido a Kafin Hausa, ta Aliko Ɗangote a Wudil da ta Jihar Kaduna. Makin da ba zai kai ka ko bakin ƙofa ba a Samaru, mazaunin ABU, yana iya ba ka kwas ɗin da kake so a ɗaya daga cikin waɗannan. Kuma ku riƙe wannan da kyau: zaɓi na farko shi ne zaɓi. Manyan jami'o'i ba su cika waiwayar wanda ya sa su a na biyu ba. Mai son makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna ko makarantar 'yan sanda ta Wudil, dole ya sa ta a farko, sannan ya cike fom ɗinta na dabam.

Wanda zuciyarsa ke asibiti ya sani ba likita kaɗai ke aiki a can ba. Akwai kimiyyar gwaje-gwaje, ɗaukar hoton ciki, gashin ƙashi, duba ido, jinya da haɗa magunguna, ga likitancin dabbobi a Zariya, Sakkwato da Maiduguri, wanda a ƙasar da ke cike da makiyaya bai kamata a raina ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dabarar "karɓi kowane kwas ka shiga, in ka je aji biyu sai ka koma likitanci." Yakan faru jefi-jefi, amma ba abin gina rayuwar yaro a kai ba ne.

In 'ya mace ce, a yi maganar da ake kaucewa tun yanzu. Za a bar ta ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai a wani gari, ko sai makarantar da za ta je ta dawo gida? Akwai maganar aure a gaba, kuma an yi batun karatun da mai neman? Likitanci shekara shida ne, lauya biyar ban da makarantar horar da lauyoyi, injiniyanci da jinya biyar-biyar. Gara a san matsaya kafin a cike fom, da a samu gurbi a Maiduguri sannan Baba ya ce ba inda za ta.

Kafin a tsayar da magana, a leƙa shafin NUC, hukumar kula da jami'o'i, a tabbatar ta amince da jami'ar da kuma kwas ɗin. Kwalejojin fasaha NBTE ce ke kula da su, na ilimi kuma NCCE.

Kiredit biyar

Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce kiredit biyar a darussan da suka dace, har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu, kodayake a 2025 gwamnati ta sanar da cire tilascin kiredit a Lissafi ga masu neman kwasa-kwasan ats. Kiredit daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 ba sa shiga lissafi, komai kyawun sauran. Likitanci a yawancin jami'o'i zama ɗaya ake so. In da hali a yi WAEC da NECO duka biyu, wanda aka rasa a nan a samu a can. Ɗaliban makarantun Arabiyya suna da NBAIS, na makarantun sana'a suna da NABTEB, sai dai a duba ko kwas ɗin da ake nema yana karɓarsu. A Kano da wasu jihohi, jarrabawar kwalifayin da ake yi a aji biyar ita ke nuna wanda gwamnati za ta biya wa kuɗin jarrabawar fita, don haka ba ta wasa ba ce, kuma iyaye su fara tanadi ko da yaro bai haye ba.

Makarantun da ake kai yara ƙauye a rubuta musu amsa a allo, kowa ya san da su. Yaro ya fito da A1 a Fiziks, ya je gaban kwamfutar JAMB ya ci 140. Hukumomin jarrabawa kuma suna riƙe sakamakon cibiya sukutum in sun ga alamar maguɗi, mai laifi da marar laifi duk su kwana a ciki.

Ranar rajista

Rajistar takan buɗe a farkon shekara, wajen ƙarshen Janairu ko Fabrairu, ta ɗauki 'yan makonni. Ga yadda take. Daga layin ɗalibin, a rubuta NIN, a bar tazara, a rubuta lambobin nan 11, a tura zuwa 55019 ko 66019, da kuɗi a layin. Za a maido da lambar shaida mai alamomi goma tare da sunan ɗalibin. A karanta sunan. In da kuskure a dakata, a koma NIMC. In daidai ne, a je banki ko wani wurin da aka amince a sayi lambar e-PIN. A 2025 kuɗin ya kama naira 7,200, ko 8,700 ga mai son jarrabawar gwaji. Daga nan sai cibiyar CBT, wato wurin jarrabawa ta kwamfuta, da JAMB ta amince da ita. Kafe na bakin titi ba shi da izinin yin rajista, ko da ya manna babban allo.

A cibiyar za a ɗauki hoto da zanen yatsu. 'Yan mata su kula: JAMB ta sha yin gargaɗi a kan lalle, domin yana hana na'ura karanta yatsa. In akwai biki a dangi kusa da rajista ko kusa da jarrabawa, a haƙura da ƙunshi a yatsu. Wanda na'ura ta ƙi karanta yatsansa ranar jarrabawa ba zai shiga ba.

Ga wurin da ake yin ɓarna. Layi ya yi tsawo, rana ta take, mai shigar da bayanai ya gaji, yana tambaya yana dannawa: "Wane kwas? Wace makaranta? Darussa?" Yaron da bai shirya ba sai ya ce, "Duk wanda ka ga ya dace, Yallaɓai." Shi ke nan an sa masa Bayoloji a maimakon Lissafi, yana neman injiniyanci. Ko ya ci 300 ba za a ɗauke shi ba. Maganin abin takarda ce: a rubuto daga gida sunan kwas, makarantu bi da bi, darussa huɗu, jiha da ƙaramar hukuma, imel da garin da ake son zama jarrabawa. Ɗalibi ya kalli allon da ke gabansa, kada ya ɗora yatsan amincewa sai ya karanta komai. Wani babba ya raka shi, ya sake karanta takardar da aka buga kafin su bar harabar. A je da wuri kuma, domin gurbin kowane gari yana cika, mai zuwa a makare sai a tura shi nesa. Makafi da sauran masu buƙata ta musamman su faɗa a wurin rajista, akwai tsarin da aka ware musu.

Karatu da zaman jarrabawa

Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, wanda dole ne ga kowa, sai 40-40 na sauran darussa uku. In ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da shi. Yara da yawa sun san amsa, lokaci ne ke ƙare musu. Don haka karatun kashi biyu ne. Na farko bin manhajar JAMB batu bayan batu, tare da ɗan littafin labarin da ake bayarwa wurin rajista, domin ana ciro tambayoyi daga ciki. Na biyu yin tambayoyin shekarun baya da agogo a gaba, a yi maki, a koma kan abin da aka faɗi. Makin da yaro ke samu a gida a watan Maris, shi zai nuna muku gaskiyar inda yake.

Tun 2015 jarrabawar gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, ga shi kuwa akwai yaran da ranar ce farkon zamansu gaban kwamfuta. Ba sai an iya sarrafa linzami ba: A, B, C, D na zaɓen amsa ne, N ta kai ka gaba, P ta dawo da kai baya, S ta miƙa aiki. Amma hannun da bai saba ba rawa yake yi. Kuɗin jarrabawar gwaji ba asara ba ne ga irin wannan yaro. Ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka kada a bar tambaya ba amsa.

Gida ma yana da nasa aikin. Watanni ukun nan a rage wa yarinya girki da raino, a rage wa yaro zaman shago da aike. In jarrabawar ta faɗo kusa da azumi, a mayar da karatu bayan asuba.

Kwanaki kaɗan kafin jarrabawa ake sake buga takardar da ke nuna cibiya, rana da lokaci. A je a ga wurin tun ana gobe, domin wasu ana kiransu da sassafe. Waya, agogo, kalkuleta da biro duk ba a shiga da su. Takardar da fensir sun isa.

Bayan sakamako ya fito

Ana duba sakamako ta tura UTMERESULT zuwa 55019 ko 66019 daga layin nan dai. A nan gidaje da yawa ke sakin jiki, alhali rabin aikin ne aka yi.

Da farko a zauna a faɗa wa juna gaskiya. In makin bai kai na kwas ɗin ba, JAMB tana ba da damar canza kwas ko makaranta a kan ɗan kuɗi, a cibiyar CBT. A yi da wuri, kafin makarantar da za a koma ta rufe nata fom, kuma a tabbatar darussa huɗun da aka rubuta sun dace da sabon kwas ɗin. Duk wanda ya ce zai ƙara maki ɗan damfara ne. A 2023 wata ɗaliba a Anambra ta fito da takarda mai maki 362, bincike ya nuna 249 ta ci, aka hana ta jarrabawar shekara uku.

Na biyu, kowace jami'a tana buɗe nata shafin na tantancewa, wato Post-UTME, kuma ba ta daɗewa take rufewa. Wasu jarrabawa suke yi, wasu takardu kawai suke dubawa su haɗa maki. Akwai masu raba makin JAMB gida takwas ya zama kashi 50, sauran 50 su fito daga tasu jarrabawar ko daga darajar kiredit. Ke nan B2 da C6 ba ɗaya ba ne, ko da duka kiredit ake kiransu. A sa wani a gida ya riƙa leƙa shafin makarantar duk mako.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa. Yawancin 'yan aji shida suna rajistar JAMB kafin WAEC da NECO su fito, a matsayin masu jiran sakamako. Da ya fito, dole a koma cibiyar CBT ko ofishin JAMB a ɗora shi. Ɗorawa a shafin jami'a ba ta wadatar ba. Wanda babu sakamakonsa a wurin JAMB, ko jami'a ta so ɗaukarsa tsarin ba zai bari ba. Bayan an ɗora, ɗalibi ya shiga shafinsa ya gani da idonsa cewa darussan da darajojin sun hau daidai.

Na huɗu shi ne CAPS, tsarin da JAMB ta kawo a 2017, wanda duk wani gurbi na halal ta cikinsa yake bi. Jami'a ta miƙa suna, JAMB ta amince, ɗalibi ya shiga ya danna karɓa ko ƙi. Akwai wa'adi, in ya wuce gurbin na iya tafiya ga wani. Wani lokaci makaranta takan ce ba ta da wuri a kwas ɗin da ka nema amma ga wani, shi ma sai ka amince a CAPS kafin a ci gaba. A yi shawara kafin a danna, domin wanda ya karɓa ba za a ƙara ba shi wani gurbi ba a wannan shekara. Kalmar sirrin shafin kada ta bar gida. Bayan an karɓa, a buga takardar gurbi ta JAMB da sakamako na asali, a haɗa da sauran takardu a fayil ɗaya, kowace da kwafi.

Kuɗi

Tun 2023 jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista sosai, kuma tsakanin fitowar suna da rufe rajista ba wani lokaci mai tsawo ba ne. Lissafin ya haɗa da kuɗin karɓar gurbi, rajista, ɗaki, gwajin lafiya, mota, abinci da littattafai. A tambayi ɗalibin da ke can abin da ya kashe a zangon farko, a fara tari ko adashi tun yaro yana aji biyar.

A 2024 aka fara bayar da bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati. Babu kuɗin ruwa a ciki. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, mai so kuma ana ba shi naira 20,000 duk wata na kashewa, biya yana farawa shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ana neman lambar JAMB, NIN da BVN, kuma sai makaranta ta tura bayanan ɗalibi, don haka kada a dogara da shi wajen kuɗin farko. Hukumomin tallafin karatu na jihohi ma a riƙa bibiyarsu.

In bana ba a dace ba

Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi. Amma zaman gida ana jiran wata shekara ba shi ne kaɗai zaɓi ba. Akwai IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a wadda ABU ke kula da ita, ana yin ta a wurare irin su makarantar share fage ta Funtuwa da CAS ta Kano. Wanda ya ci da kyau yana neman shiga aji biyu kai tsaye ta fom ɗin DE. Haka mai difloma ta ND daga kwalejin fasaha irin ta Kaduna ko ta Kazaure, da mai NCE. Kwalejojin jinya da ungozoma da na kiwon lafiya kuwa, sau da yawa ɗalibansu kan riga masu digiri samun abin yi.

Masu tunanin waje su bincika sosai. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo a Janairun 2024. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya dawo da ɗalibanmu da yawa gida karatu bai ƙare ba. A tambayi Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya matsayin makarantar kafin a biya dillali ko sisi.

A gida ma akwai irin wannan tarko: makaranta ta ba yaro takardar shiga tata ta kanta, ba ta bi ta CAPS ba. Zai yi karatun, ya ci jarrabawa, ya gama, sai ranar tafiya hidimar ƙasa a ce babu sunansa. Don haka ko bayan an shiga, kafin zangon farko ya ƙare, ɗalibi ya buɗe shafin JAMB, ya nemi jerin sunayen ɗaliban da aka tabbatar, ya sa shekarar jarrabawarsa da lambar rajista. In sunansa, makarantarsa da kwas ɗin da yake yi sun fito daidai, to. In ba su fito ba, ya tafi ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar da ofishin JAMB na jiharsa a wannan makon, da fayil ɗinsa a hannu.